Mabuɗin Baba Arzika

A kakar gyaɗa, shekara biyu bayan ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi, wata ranar kasuwa da hantsi, aka buga ganga a tsakiyar kasuwar Madarumfa, aka ce kowa ya ajiye ciniki ya matso. Ina tsugune a rumfar mahaifina ina korar awaki daga kanwa, wanda shi ne muƙami mafi girma da na taɓa riƙewa a duniya, sai ga gardi biyu, dogaran Nasara, da jar dara, ga wani attajirin gyaɗa daga Maraɗi cikin babbar riga, ga magatakardansa rungume da takardu. Aka shaida mana cewa daga wannan rana biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, ya ba wannan bawan Allah hayar kasuwa gaba ɗaya. Zai rushe rumfunan kara, ya gina ɗakunan ƙasa masu ƙyaure da kwaɗo, kowa ya riƙa biyan dala biyu a wata. Aka bi kowane mai rumfa da takarda. Da yake ni kaɗai ne a layinmu na taɓa shiga lakwal, makarantar boko, har na yi shekara biyu cur kafin ni da bulalar mushe, wato malaminmu, mu raba gari, sai dattawa suka kewaye ni. Na karɓi ta baba, na ƙura mata ido, na gyara murya irin ta manya, na ce, "An rubuta abu da yawa." Suka gyaɗa kai, suka ce lallai karatu ya yi rana.

Mahaifina gishiri da kanwa yake sayarwa, kaya masu nauyi da ba a komawa da su gida kowane mako. Rumfar tasa gadon kakana ce, ba komai ba ce illa sanduna huɗu da karan dawa a sama, amma duk garin an san nan ne wurinsa. Jikinta akwai ta Baba Arzika, mai saƙar tabarma da igiyar kaba, abokinsa tun suna kiwon awaki. In kasuwa ta watse, sai a tara kaya, a rufa tsohuwar tabarma, a ɗora reshen ƙayar magarya a kai, kowa ya kama hanyar gida. Shi ke nan tsaron. Sarkin kasuwa kan zagayo da ƙoƙonsa ya ɗebi ɗan abin da ya sawwaƙa, ranar da ya ga fuskar mutum babu ciniki kuwa sai ya gaishe shi ya wuce. Mu yara a ranakun da ba kasuwa, in mun dawo daga shayar da jakai a bakin tafki, ko mun gama korar tsuntsaye a gonar gero, cikin rumfunan nan muke langa da ɓuya, muna tsallake kayan mutane kamar kabari. Sau ɗaya tak na ɗaga gefen tabarma na lashi gishirin ubana, na ubana fa, Baba Arzika ya hango ni daga nesa. Ranar na tabbatar igiyarsa tana da ƙwari, ban ga laifin masu saye ba.

Kafin sanyi ya wuce an gama ɗakunan, jere kamar akurkin kaji, kowane da lamba a goshi. Baba ya yi ta kai da kawowa har aka bar shi kusa da Baba Arzika. Sai daga baya wani tela da ya yi karatu wurin 'yan mishan ya karanta musu abin da ni na taƙaita. Ashe haya ba ta san damina ba, ba ta san ranar da ba a yi ciniki ba. Wanda ya yi wata biyu bai biya ba, a karɓe mabuɗinsa, a kwashe abin da ke ciki. In kuwa ɓarawo ya shiga, ba ruwan mai kasuwa. Na tuna baba a zaure yana juya mabuɗin a tafin hannu, da ɗan guntun gwangwani mai lamba a ɗaure jikinsa, yana cewa, "Da can ba mu da ƙyaure, ba mu da ɓarawo. Yanzu ƙyauren ne zai gaya masa akwai kaya a ciki." Inna ta ce ya bari kawai ya koma noma. Ya dube ta, ya ce wurin ubansa ne. Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar da aka fara cin sabuwar kasuwa ban taɓa ganin dattawa sun wahala irin ta ba, kuma ba kaya suka ɗauka ba. La'asar ta yi, masu saye suka watse, kowa ya shigar da kayansa ya jawo ƙyaure. Sai aka tsaya. A wurinmu, ka danna kwaɗo maƙwabcinka yana kallo, ka ce masa ɓarawo ke nan a bainar jama'a. Baba ya zauna bakin ƙofa yana jiran Baba Arzika ya tafi, shi ma Baba Arzika ya shimfiɗa tabarma yana jiran baba ya tafi. Haka duk layin, mai barkono, mai ƙwarya, baduku, kowa da mabuɗi a aljihu yana hirar da ba ta da kai. Aka yi zancen farashin jakai, aka yi na farar da ta zo tun ba a haife ni ba, aka sake komawa kan jakai. Ni yunwa kamar ta kashe ni. Rana na shirin faɗuwa Baba Arzika ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya dubi baba, ya ce, "Kai Tanko, miƙo naka in kulle maka, ka kulle mini. In na rufe ɗakinka ai tsare maka na yi." Wallahi sai ka ce an sauke wa mutane dutse. Nan take layi ya ɗauka, kowa ya kulle na ɗan'uwansa, ya tafi gida da mabuɗin wani. Muka yi ta yabon wannan dabara, har ana cewa ko kumandan bai kai Arzika kai ba.

Rani ya wuce lafiya. Da damina ta sauka kasuwa ta mutu, don kowa yana gona, hanyar Safo ta cika da laka, hatsi ya ƙare a rumbu, wa zai sayi tabarma? Baba yana lallaɓawa da ɗan gishirin miya yana biya da kyar. Baba Arzika kuwa wata biyu suka wuce masa, kuma kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Wata safiya da ba kasuwa magatakarda ya zo da gardi, suka same shi a gona yana noma, suka ce ya ba da mabuɗi. Ya sa hannu a aljihu ya ba su wanda ke wurinsa, wato na ɗakin baba. Ko ruɗewa ya yi da ganin jar dara, ko kuwa ya san abin da yake yi, har gobe ban sani ba, kuma na daina son in sani. Su dai lamba suka bi. Kafin azahar an loda gishirin mahaifina da kanwarsa duka a kan jakai, an kai ma'ajiyar mai kasuwa.

Baba ya ja ni muka tafi ma'ajiyar, wai in yi masa tafinta, ko da yake magatakardan Bahaushe ne kamar mu. Na dai gaishe shi da Faransanci, "Bonjur mushe", don kada zuwana ya tashi a banza. Mutumin ya saurari bayani yana sakace, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce abu mai sauƙi ne: baba ya ajiye mabuɗin Arzika a kan tebur, a kwashe tabarmi, shi kuma ya kora jakansa da gishirinsa yanzu-yanzu. Ina tsaye dab da baba, na ga hannunsa ya shiga aljihu. Ya daɗe a ciki. Duk jarinmu yana bayan bangon nan, kuma na san ya sani. Can ya zaro hannun babu komai, ya ce, "Ba kai ka ba ni shi ba." Magatakarda ya ce to, gishiri ya zama haya. Muka fito. Da muka iso gonar Baba Arzika, sai baba ya kira shi bakin kunya, ya danƙa masa mabuɗin a hannu, ya ce ya je ya kwashe kayansa tun da rana. Baba Arzika ya buɗe baki zai yi magana, baba ya ce, "Gero ya yi kyau bana," ya juya.

Wata biyu bayan nan aka karɓe namu ɗakin, don ɗaki babu kaya ba ya biyan kansa. Wani mai sayar da fitilu daga Maraɗi ya shiga. Baba ya koma bin ƙauyuka da jaki, yana ɗaukar gishirin wasu, yau Safo gobe Ɗan Isa, ni ina biye da sanda ina ci gaba da aikina na korar awaki, sai dai yanzu a garuruwan mutane. Bai sake zama a kasuwar Madarumfa ba har ya rasu. Suna gaisawa da Baba Arzika a masallaci, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, amma ban ƙara ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba.

Yanzu kasuwar siminti ce da ƙofofin ƙarfe, kwaɗo uku-uku, ga mai gadi da fitila, kuma duk da haka ba a rasa wanda aka fasa wa shago. Duk sanda aka sabunta takarda haya ta hau, 'yan kasuwa su taru su yi ta magana, a ƙarshe su biya. Jikana yana da shago a can. Wani lokaci yakan ce, "Kaka, zauna mini in je salla," sai ya jawo aljihun tebur ya murɗa mabuɗi a gabana, ya jefa a aljihu, yana yi mini murmushi. Yaron kirki ne, bai san ya yi komai ba. Nakan zauna in tsare masa abin da ya riga ya tsare daga gare ni.