Gwangwanin Halidu Baduku

Maigidana, Halidu baduku (yau dai na kama sunansa, tunda ya riga mu gidan gaskiya), mutum ne mai haƙuri, amma wallahi ya sha ƙona mini rai.

Rumfarsa tana bayan kasuwar Petit Marché a Yamai, yana ɗinkin linzami da kayan sirdi. Da aka yi fari, dawaki suka mutu, sana'a ta bi su. A shekarar da soji suka karɓi mulki, mutanen karkara sun cika Yamai, suna sayar da ɗan abin da ya rage musu. Kowa na neman hatsi, shi kuwa gogan naka lambobin yaƙi yake nema, irin waɗanda Nasara suka aiko wa iyalan sojan doki da suka mutu a yaƙinsu.

Ubansa Isaka yana cikin waɗannan sojan. An tafi da shi Halidu yana goye, bai dawo ba, ba gawa ba kabari, sai lamba. Ita ma wata yunwa ta sa uwarsa ta sayar. To, lambobin nan ba suna a jikinsu, duk kamarsu ɗaya. Maimakon ya haƙura, sai ya ce kowacce ya gani zai karɓa. Da me? Da gerona! Tiya guda, lamba guda, ya jefa a gwangwanin madara.

Na ce, "Malam, ƙarfe za mu dafa wa yaran nan?"

Ya ce, "Hajjo, wataƙila ta Baba ce."

Kullum wataƙila! Buhu yana ramewa, gwangwani yana ƙiba. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce zan koma Maraɗi gidanmu. Ko gezau. Da ya rage saura tiya ɗaya, na ƙulle ta a tsohon zane na tura ƙarƙashin gado.

Ran nan ya fita, sai ga wata tsohuwa Bazabarma daga Goudel, an kwatanta mata gidan mai sayen lamba. Na buɗe baki zan sallame ta, sai ta kwance bakin zanenta. Lambar tana cikin ɗan kube na jar fata, ɗinkin ya karkace, ya tafi ta hagu. Halidu bahago ne, kuma ya sha gaya mini cewa abin da ya fara ɗinkawa a duniya kuben lambar ubansa ne. Shekara ashirin ina kallon wannan karkataccen ɗinki, ina zan kasa gane shi?

Da hannuna na jawo ƙullin nan na juye mata.

Da ya dawo na miƙa masa. Ya zauna a dokin ƙofa, ya daɗe yana shafa ɗinkin da babban yatsa, hawaye na bin gemunsa. Ranar ruwan zafi da ganyen zogale muka sha. A raina na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ina! Da safe sai ga shi da gwangwani a hammata.

"Sai ina kuma, Malam?"

"Zangon ƴan gudun yunwa. Zan mayar wa mutane kayansu. Su ma iyayensu ba su da kabari."

"To, gerona fa?"

Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ai sun cinye, Hajjo."

Na ɗauko mayafina na bi shi, don shi ba ya riƙe fuskar mutane, ni ce na san wadda ta kawo wacce.