Na Kai wa Yaya Luba Ƙwallon Fotugal Har Argungu

Badariya

Ina idar da sallar asuba na naɗe talabijin ɗina cikin bargo, na ɗaure shi da igiyar shanya, na jefa ƙaramin batirin sola cikin buhu. Maigidana yana daga kan darduma ya ce, "Rabi, yaji za ki yi da kayan ɗaki?" Na ce masa in ya ga ban dawo gobe ba ya aiko biko.

Ga dalilin tafiyar. Asma'u, wadda muke kira Ma'u, 'yar fari ce ga yayata Luba da ke aure a Argungu. Tun da aka yaye ta aka ba ni riƙonta, a hannuna ta girma nan unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, a makarantar da nake koyarwa ta fara buga ƙwallo. Ƙafar nan ta kai ta Legas, daga can wani kulob ɗin mata na ƙasar Fotugal ya ɗauke ta. A ranar da nake ba ku labari za su buga wasan ƙarshe na kofi, kuma kulob ɗin ya ba ta sabuwar kwangila, yana jiran amsarta bayan wasan.

Ana saura kwanaki ta kira ni tana kuka. "Anti, ba zan sa hannu ba. Uwayen abokan wasana har fili suke zuwa suna kiran sunayensu. Ni Inna ko a waya ba ta taɓa tambayata ya wasa ba, ko sunana ban taɓa ji a bakinta ba. In kunya nake ba ta, gara in dawo gida."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, "Ke Ma'u, Turai ta mantar da ke? Wace uwa ke kiran sunan ɗan fari a garinmu? Kara ce!" Ta ce ta san kara, amma ta gaji da yin canke a kan zuciyar uwarta. Sai na ɗauri aniyar kai wa Yaya wasan har tsakar gidanta.

Ɗan kabukabu ya sauke ni tasha gari bai gama wayewa ba. Direban motar Argungu ya dubi bargon ya ce, "Hajiya, wanga kaya kujera guda za shi ci." Na ce a cinyata zai zauna, ai ba tuwo yake ci ba. Muka yi ta yi har fasinjoji suka sa baki, ya haƙura.

Ambursa

Mun ishe shinge kafin mu shiga gari. Jami'in ya leƙo ya ce in kwance bargon. Da ya ji ƙwallon mata zan kai ƙauye sai ya yi dariya, ya ce, "Su ma har kofi gare su?"

Ai kuwa ya taɓo ni. Na ba shi tarihin kulob ɗin kaf, yadda Ma'u ta sha ba ni. Matan da ke aiki a masaƙar wani ƙaramin gari ne suka kafa shi. Sai maza sun gama da fili ake bar musu, su ke wanke rigunansu, su ke shata layi da farar ƙasa, ranar wasa su sayar da burodi da miya a bakin ƙofa don a samu na mota. Daga gasar gunduma suka hau rukuni na biyu, suka faɗo, suka sake hawa, har suka kai rukunin manya suka zauna daram. Wadda ke riƙe da kambun kyaftin yanzu 'yar ɗaya daga cikin matan masaƙar ce. Yau kuma za su kara da wani babban kulob na babban birni, masu kuɗi da motar alfarma.

Direba yana ta danna oda, jami'in ya ɗaga hannu ya ce, "Ku wuce, Malama, Allah shi ba 'yan masaƙa sa'a." Na sayi masa da yaji ta taga, mai zafi, na ci da hannu ɗaya ina tallafe da talabijin da ɗayan. Hagu da dama fadama ta yi jawur, ana ta yankan shinkafar rani.

Argungu

Da hantsi na yi sallama gidan. Yaya Luba sana'arta turara shinkafa, na same ta gaban rabin duro tana juyi, hayaƙi ya cika mata ido. Ta yi murnar ganina har ta hango bargon.

"Mi kika ɗauko haka?"

"Wasan Ma'u za mu kalla, Yaya."

"Ɗiyarki ta, ki kalli abinki. Ni ina da shanya."

Na bi ta har madafa na faɗa mata komai, har batun kwangilar. Ta ci gaba da juyi. Can ta ce, "In ta dawo gida ai ba daji ta zo ba." Amma na ga ta share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne. Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, na rasa wanda zan bi.

Bayan azahar muka ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Sai kuma wayar da za ta jawo mana wasan zuwa talabijin ta ce ba ta san zancen ba, sabis ya ƙi kamawa a ko'ina. Na zagaye gidan nan ina ɗaga ta sama kamar mai neman tsuntsu, sai a saman rumbu ya kama. Can muka ajiye ta cikin kwano, hoto ya fito kan talabijin tangaram. Kafin la'asar matan unguwa sun cika tsakar gida, masu goyo da tsofaffi, kowa da tabarmarta. Yaya ta ɗauki faifai ta zauna bakin madafa, ta juya mana baya tana tsintar shinkafa.

Da aka nuno Ma'u, kanta a rufe, doguwar safa har gwiwa, gida ya ɗauki sowa. Wata tsohuwa maƙwabciya, Inna Kulu, ta ce, "Luba, diba goshinki ga yarinyar ga!" Yaya ko motsi.

'Yan birni suka fara zura mana ɗaya. Na ce mana, don zuwa lokacin duk tsakar gidan ta zama 'yan masaƙa. Bayan hutu Ma'u ta tsere ta gefen dama ta ɗago ƙwallo, wata doguwa ta sa kai, raga ta motsa. Muka yi tsalle, wani jariri ya tsala ihu. Na saci kallon Yaya, faifan yana cinyarta amma ta daina tsintar.

Wasa ya kusa tashi Ma'u ta sake kutsawa, wata ta zo ta kwashe mata ƙafa. Ta faɗi ta fuska, ba ta motsa ba. Masu magani suka shiga da gudu. Kowa ya zuba wa talabijin ido.

Sai na ji faifai ya faɗi. Yaya ta tsallake tabarmi da ƙafafun mutane ta durƙusa gaban talabijin, ta dafa gilashin da hannu biyu. "Asma'u! Asma'u, tashi! Tashi, uwata!"

Tun da aka raɗa wa yarinyar nan suna ban taɓa jin sa a bakin Yaya ba. Na fashe da kuka.

Ma'u ta tashi tana ɗingishi. Alƙalin wasa ya ba mu bugun laifi, kyaftin ta ajiye ƙwallo, ta ja baya, ta narka ta cikin raga ta can sama, biyu da ɗaya. Da alƙali ya hura tashi, Yaya ce ta fara rangaɗa guɗa, kaji suna ta wasoson shinkafarta ba ta ko waiga ba.

Kafin magariba Ma'u ta kira, ana ta kiɗa a bayanta. Na ce, "Uwarki ta kira sunanki gaban unguwa." Ta ce in daina lallashinta. Matan suka haɗa baki suna rantsuwa. Na cusa wa Yaya wayar, kunyar ta riga ta dawo mata, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ƙahwar da sauƙi?" Ta saurara. "To, ki zauna ki yi aikinki. Ba ki ba ni kunya ba, ko rana ɗaya."

Komawa

Na kwana ɗakin Yaya, da safe na kama motar farko. Bargon kaɗai na dawo da shi, don da na tashi naɗe talabijin ta ce wai nauyi zai yi mini, in bar shi tukuna. Maigida ya tarye ni a ƙofa yana tambayar ina kayan ɗakin, na ce sun samu riƙo.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da matan unguwar Yaya da suka tsaya mini shaida, da direban da ya bar mini kuɗin kujera. Ma'u ta sa hannu a kwangilar a ranar. Ban ko cire mayafi ba ta sake kira, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Anti, don Allah sake faɗa mini. Ta yaya Inna ta faɗi sunan nawa?"