Malam Rabo, Likitan Agogon Alhaji Barau

Kafin masu waina su gama hura wuta, Malam Rabo ya riga ya jingine kekensa a gindin ɗorawar nan ta bakin kasuwar Yankara. Zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi, ya jera hantsaki da ƙananan sukudireba, ya ajiye gwangwanin madara mai ɗan fetur a ciki da gashin kaza guda na ɗiga mai. Sai ya kunna rediyo. Ko gaisuwa ba ya amsawa da baki sai rediyon Kaduna ta faɗi lokaci, ya daidaita agogunan da ke cikin akwatin gilashinsa ɗaya bayan ɗaya. To a nan ne zai ɗago ya ce, "Ina kwananku?" ga mutanen da suka gaishe shi tun ɗazu.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana haka, yau Yankara, gobe Faskari, jibi ya ɗora keken a kan motar Ƙanƙara ko ta Sabuwa. Bana ido ya ce ya gaji, Malam Rabo ya naɗe farin ƙyallensa. Bai kamata a bar shi ya tafi gida shiru ba, shi ya sa na ce bari a faɗa wa jama'a ko shi wane ne.

Yana da wani hali a wurin aiki. Ba ya buɗe agogo sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, sannan ya tambayi mai shi yadda yake kwana da yadda yake tashi, da irin aikin da yake yi da hannun. Masu gaggawa sukan ce sun kawo gyara ne, ba asibiti suka zo ba. Shi kuwa yakan ce rabin ciwon agogo a jikin mai shi yake.

Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka, kuma kwangila ta yi yawa, agogo ya zama kamar hula, namiji ba ya fita babu shi. Kowa ya koyi naɗe hannun riga na hagu har kafaɗa ko da sanyi ake yi. Akwai waɗanda in ka tambaye su ƙarfe nawa sai su miƙo maka hannun gaba ɗaya su ce duba da kanka. Akwai alhazan da suka dawo da agogo a kan lokacin Makka, awa biyu gaba da namu, suka ƙi a taɓa don kada albarkar ta zube. Duk sun zauna a kan bencin Malam Rabo, kuma babu wanda ya taɓa ganin haƙorinsa a kansu.

Amma aikin da har yau ake ba da labarinsa shi ne na Alhaji Barau.

Alhaji Barau mutumin Pauwa ne. Shi da ƙanensa Gide suka gaji gandun ubansu, suna noma shi tare, mahaifiyarsu Dada tana tsakaninsu. Da ya sami kwangilar kai yashi, sai ya ajiye fartanya, ya gina gida a Yankara, ya sayi mota da direba, ya bar wa Gide gona. Daga Kano ya sayo agogo mai ruwan zinariya, mai nauyi kamar dutsen guga, irin wanda ba a murɗa shi. Mai kanti ya rantse masa cewa ruwa ba ya shigarsa, faɗuwa ba ta fasa shi, jikokinsa ma za su ɗaura.

Alhaji dai bai yarda a gwada ba. Ya sa aka ɗinka wa hannun hagu ɗan matashi na musamman. Nan hannun zai wuni a kwance cikin zaure, agogo yana fuskantar ƙofa. Da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake korar ƙuda, har ƙudan da ya sauka a hagun. In zai yi alwala ya cire, in zai kwanta ya naɗe shi da auduga ya kulle a akwati.

Shi kuwa Gide, duk ranar kasuwa yakan biyo ya gaida yayansa, kuma don alfahari da shi yakan ɗaga murya gaban baƙi ya ce, "Yaya Alhaji, ƙarfe nawa?" Ranar farko Alhaji ya duba ya ce tara da rabi, alhali ladan yana kiran azahar. Mutanen zaure suka danne dariya. Aka girgiza agogo, ya tashi, aka daidaita. Mako na biyu Gide ya tambaya, agogo ya tsaya. Mako na uku ma haka, kuma a gaban wani babban ɗan kwangila da ya zo daga Funtuwa.

Alhaji ya yi lissafinsa ya gama. Ya ce agogon da ruwa ba ya iya wa komai, babu abin da zai tsayar da shi sai baki. Gide yana masa hassada, tambayar nan tasa ce take kashe agogon. Ya sa aka ɗinka 'yar laya a jikin maɗaurin, aka turara agogon da hayaƙi har gilashin ya dushe, ya hana Gide shiga zaurensa. Sannan ya aika Pauwa cewa da an cire amfanin bana za a raba gandu, zai sayar da rabinsa. Rabin da zai rage ba zai ciyar da gidan Gide ba. Dada ta daina cin tuwon dare.

Ana cikin haka Alhaji ya zo teburin Malam Rabo, jama'a na biye da shi, ya ce a cire masa abin da aka jefa cikin agogon.

Malam Rabo ya kara a kunne. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya buɗe bayan, ya daɗe yana kallo. Lafiya lau, ko ƙura babu. Ya rufe, ya soma tambayoyinsa: ina hannun yake wuni, ina agogon yake kwana, yaushe rabon Alhaji da tafiya a ƙasa. Alhaji yana amsawa da jin daɗi, don duk amsar tana nuna ya huta. Kafin ya gama, Malam Rabo ya gane ciwon.

To ku duba inda aka sa bawan Allah. In ya ce ya gyara, Alhaji zai riƙa dawowa duk mako da hannu a buɗe, gandu kuma ya rabu. In ya faɗi gaskiya a gaban kasuwa, ya ce wa babban mutum zamansa ne ya yi yawa, Alhaji ba zai yafe ba, kuma fushin a kan Gide zai sauka. Sai ya sa aka kira Gide daga layin masu hatsi.

Ya ce, "Alhaji, in bakin Gide ke kashe agogon ga daga nesa, to in ya kwana a hannunshi ai sai ya narke. A ɗaura mashi kwana bakwai. In ya tsaya, maganarka ta tabbata."

Alhaji ya kusa faɗowa daga benci. Ya ce lokacin huɗa ne fa, garma Gide yake riƙewa, ga laka, ga ruwan sama. Malam Rabo ya ce ai mai kanti ya rantse, yau ranar gwada rantsuwarsa ce, kuma in agogon ya fashe shi ya yarda Alhaji ya ɗauke teburin nan da duk abin da ke kansa. Ya ɗiga kakin zuma a murfin don kada a ce an buɗe, ya daidaita da rediyo, ya ɗaura wa Gide. Gide ya tafi yana riƙe da hannun nesa da jikinsa kamar an ɗaura masa kunama. Malam Rabo ya kira shi ya ce ya saki hannunsa, ya yi aiki yadda ya saba, kada ya cire ko da wanka.

Mutanen Pauwa sun ce ba su taɓa ganin huɗa irin ta makon nan ba. Masu wucewa suna tsayawa a bakin gona su tambayi lokaci, Gide yana miƙa hannu daga cikin kunya. Ruwa ya dake shi sau biyu. Saniyar Dada ta lashi agogon.

Ran kasuwa Gide ya zo, laka ta rufe zinariyar har ba a gane ta. Malam Rabo ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ajiye kusa da rediyo, kasuwa ta taru. Kaduna ta ce ƙarfe goma sha biyu daidai. Agogo ya ce goma sha biyu daidai.

Nan ne wani zai tsaya ya yi wa jama'a bayani don a san ya iya. Malam Rabo sai ya ce yana son ganin Alhaji a bayan ɗorawa. Can ya buɗe murfin, ya nuna masa wani ɗan ƙarfe mai kamar rabin wata, wanda yake lilo in an motsa.

"Ka ga wanga? Shi ne cikinshi. Motsin hannu shi ne tuwonshi. Ba baki ba ne, Alhaji, yunwa ce."

Alhaji ya ƙura wa ɗan ƙarfen ido. Can ya tambaya a hankali ko zai yiwu a ɗauki mutum aiki ya riƙa girgiza masa shi. Malam Rabo ya ce zai yiwu mana, sai dai a hannun mutumin za a riƙa ganin agogon. Alhaji ya ce wannan kam ba za ta yiwu ba.

Da suka fito, abin da Malam Rabo ya faɗa wa jama'a kawai shi ne agogon irin na ƙarfafan maza ne, iskar gona yake so. Washegari da hantsi aka ga motar Alhaji a bakin gandun Pauwa, direba yana gyangyaɗi a ciki, mai motar yana cikin kunya da fartanya, Gide a gefensa. Alhaji bai ce a yafe masa ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce wa Gide wannan kunyar ta karkace, ubansu ba haka ya koya musu ba. Gide ya ce, "Haka ne, Yaya Alhaji." Dada ta ci tuwo har da ƙari. Ba a sake maganar rabon gandu ba, kuma masu ɗinka wa Alhaji riga sun ce yadin da suke yanka masa ya ragu.

Malam Rabo, kai ne ka ga wautar mutum a tafin hannunka ka rufe ta da murfin agogo. Kai ne ka sa teburinka a kan gonar da ko zangarniya ɗaya ba taka ba ce. Mai kunnen jin ciwon ƙarfe, ba a taɓa ba ka lambar yabo ba, kuma agogon da ke hannunka har yau maɗaurinsa igiyar fata ce da ka yanka da kanka.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon nan haske, ya sa hutun ya yi albarka. Ku kuma masu sana'a, makanikai da teloli da masu gyaran rediyo, ku koyi tambaya kafin ku kwance abu, ku koyi jan mutum bayan ɗorawa in gaskiyar mai ɗaci ce.

Ranar kasuwar Malam Rabo ta ƙarshe, Alhaji Barau ya zo sallama, ya miƙa masa agogon don ya yi masa kallon bankwana. Gilashin duk ya sha karce, amma yana tafiya. Malam Rabo ba ya ganin hannayen agogo yanzu. Ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Alhaji, kwana biyu ba ka tahi gona ba."

Alhaji ya karɓi abinsa, ya waiga ko wani ya ji, ya ce gobe da sassafe in Allah ya yarda.