Tsohon Direba da Fasinjojinsa Biyu

"Taya?"

"Da iska!" yaran suka amsa baki ɗaya, kowace ta miƙo ƙafa.

Tsohon ya durƙusa a bakin ƙofa, gwiwoyinsa na kuka kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Ya danna kan takalman da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya ja igiyoyin ya ɗaure.

"Mai?"

Babbar ta girgiza gorar ruwanta kusa da kunnensa. Ƙaramar ma ta girgiza tata, ashe murfin bai rufu ba, ruwa ya fantsamo masa a gemu.

"Fasinja, tankinki na yoyo."

"Kaka ya yi wanka!" in ji ta, tana tsalle.

"Ai gara shi," in ji babbar. "Ke da sai an bi ki da gudu."

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, kuma bai taɓa tayar da mota da safe ba sai ya zagaya ta, ya daki tayoyi da ƙafa, ya zaro sandar awon mai ya duba. Ranar da suka sallame shi sun karɓi makulli, amma ba wanda ya ce ya ajiye halin, sai ya taho da shi gida. Har yau mutanen layi Direba suke ce masa. Jikokin nan biyu su ne motar da ta rage masa. Babbar shekararta shida, ya sa mata Kwandasta saboda bakinta ba ya gajiya. Ƙaramar shekara uku, ita ce Fasinja, don ba ta da wani aiki a duniya sai a ɗauke ta a sauke ta.

Ɗaki biyu gare su a hawa na biyu na wani tsohon bene, tagarsu na kallon bayan gareji. Uwar yaran, autarsa, a kamfanin sabulu take aiki. Kafin su farka ta fita, sai rana ta yi ja take dawowa, jikinta na ƙamshi, ƙafafunta a kumbure. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba yayar mamacin, wadda yaran ke kira Gwaggo, ta ce a ba ta su. Gidanta na da faɗi, tana da masu taya ta, sai dai garin nata tafiyar yini guda ne a mota. Duk wata sai ta bugo waya ta sake tambaya, kuma amsar Auta ba ta canzawa: "Ki kwantar da hankalinki, Gwaggo. Baba na nan."

Baba na nan. Wannan maganar ce take tayar da shi daga shimfiɗa tun bayan rasuwar matarsa.

Shi yake dafa musu shayi, ya yayyanka burodi, ya hura na Fasinja har ya huce. Shi yake kai su makaranta, ya ɗauko ƙaramar da azahar, ya koma ya ɗauko babbar. In sun ci abinci sai a jera kujeru uku a tsakar ɗaki, ya zauna a ta gaba da murfin tukunya a hannu, Kwandasta ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan kujerar baya tana buga ta da tafin hannu.

"Kasuwa! Kasuwa! Saura mutum ɗaya!"

"Ni zan sauka," Fasinja za ta ce.

"Ko tashi ba mu yi ba, Hajiya," in ji Kwandasta. "Kaka, wai kai da tsohuwar motarka wa ya girmi wani?"

"Ita ta girme ni. Ni na fi ta haƙora ne kawai."

"Haƙora nawa? Buɗe mu ƙirga!"

Daga nan Fasinja za ta haye ƙirjinsa ta yi barci, numfashinta na ɗumama masa wuya. A wannan sa'ar ba ya motsi ko ƙafarsa ta mutu. Yakan ji kamar duk abin da rayuwa ta ƙwace masa an tattaro an mayar masa cikin ɗan wannan nauyi.

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne idanunsa suna tafiya.

Daga gefe abin ya faro, kamar ana jawo labule a hankali daga dama da hagu. Sai abin da ya rage a tsakiya ya koma kamar gilashin mota cikin ruwan sama, waifa kuma ta mutu. Wata safiya bayan ya kai yara ya wuce asibiti shi kaɗai. Likitan ya daɗe yana haska masa fitila, sannan ya ce, "Baba, ka makara da zuwa. Jijiyar ce. Abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage za mu yi ƙoƙarin riƙewa, shi ma ban yi maka alkawari ba. Wa ke kula da kai a gida?" Direba ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ni nake kula da su." Ya karɓi maganin ɗigawa, ya ɓoye a aljihun tsohuwar rigar aikinsa.

A cikin ɗaki bai sha wuya ba. Hannunsa ya san wurin sukari, ƙafarsa ta san inda ledar ƙasa ta yage. Babban titin da ya raba layinsu da makaranta shi ne masifar, titi mai faɗi, ba danja, ba mai ba da hannu. A nan ya ƙirƙiro wani wasa.

"Kwandasta, aikinki. Duba mana hanya."

Sai ta miƙe wuya da muhimmanci. "Dama ba kowa. Hagu akwai jar mota... tsaya, tsaya... ta wuce. Direba, mu je!"

Shi kuma yana saurara. Da kunnensa yake taƙama tun yana kan sitiyari. Yana jin babbar mota tun daga kwana, ya san ta ɗauko kaya ko wayam take. Yana bambanta babur mai sakakkiyar sarƙa da wanda aka ɗaure. Ko da azahar, in ya zo ɗaukar Fasinja, yakan leƙa ajin babbar ya roƙi malama ta ba shi aronta minti biyar, wai ƙanwarta ba ta yarda ta tafi sai ta raka su. Ta tsallakar da su, mai sayar da lemo ta bakin titi ta mayar da ita. Matan layi har yaba shi suke: "Ji yadda tsohon nan ke koya wa yara tsallaka titi. Direba dai direba ne."

Ya san abin da yake yi. Ya san ya ɗora titi guda a kan 'yar shekara shida. Duk safiya yakan ce yau zai gaya wa Auta. Da yamma sai ya ji ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta yi wannan doguwar ajiyar zuciyar kafin ta cire takalmi, sai maganar ta koma ciki. In ya faɗa, ba ta da wanda za ta bar wa su, aikin kuma ba ya baruwa. Ya san lambar da za ta kira.

Ranar wata Laraba Kwandasta ta tashi da zazzaɓi. Da safe maƙwabciyarsu, telar hawa na ƙasa, ta haɗa Fasinja da nata yaran ta kai. Da azahar ta leƙo ta ce aiki ya rufe ta, shi ya je ya ɗauko, ita za ta sa ido a kan mara lafiya. Ya sa takalmi ya fita. Da zuwa ya raɓa jikin wasu mutane ya tsallaka tare da su. Da dawowa bakin titin ba kowa, sai shi da ɗan hannun da ke cikin nasa.

Ya tsaya ya kasa kunne. Tifa ta wuce tana nishi. Ƙananan motoci biyu. Wani babur da salansarsa ta fashe. Sannan titin ya yi tsit, irin shirun da ya sani, wanda ya sha amincewa da shi. Ya ce, "Mu je, Fasinja."

Taku uku suka yi. Bai ji komai ba sai iska, sai hannun yarinyar da ya fice daga nasa.

Babur ne irin na zamani, mai caji, wanda ba ya tari ba ya kuka. A duk shekarunsa na titi bai taɓa sanin injin da ke tafiya bakinsa a rufe ba. Mai babur ɗin, wani magidanci mai kai kaya, ya taso daga ƙasa inda ya faɗi.

"Baba! Ai kana kallona! Wallahi ido cikin ido muka yi, na ce ka gan ni, sai kawai ka shigo!"

Direba kuwa yana ƙasa. Yana rarrafe a kan kwalta mai zafi, yana lalube, yana bin kukan yarinyar da kunne har hannunsa ya taɓa ɗan takalmi.

Ɗinki huɗu aka yi mata a goshi. Ma'aikaciyar jinya ta ce an auna arziki, da ya sauko kaɗan da ido ne.

Auta ta dawo tun kafin lokacin tashinta. Ta rungume yarinyar, ta yi kukanta ta gama, sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi yadda aka yi. Ya fara ba ta labari: masu babur na yanzu ba su da hankali, gudu kamar ana korarsu, ba hon, ba komai.

Sai wata ƙaramar murya ta taso daga kan katifa, a dishe saboda zazzaɓi.

"Mama, kar ki yi wa Kaka faɗa. Laifina ne. Ni ce ban je ba."

"Ke kuma ina ruwanki?"

"Ni nake duba masa hanya. Kullum. Shi ba ya ganin motoci sai na faɗa masa."

"Wasa ne," tsohon ya yi sauri ya ce. "Wasan da nake koya musu ne, Auta. Kin san yara. Ni da na yi shekara talatin da huɗu ban taɓa buge ko akuya ba..."

Ya ci gaba da magana, yana fuskantar ƙofa, yana ɗaga hannu, yana kawo hujja bayan hujja. Sai da ya tsagaita ya ji muryarta ta fito daga wajen taga, can bayan kafaɗarsa.

"Baba. Tun ɗazu na bar wurin nan."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta zo ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannayensa biyu da suka kurje, ta ce, "Tun yaushe?" Ya ce shekara ɗaya da wani abu. Ta ce, "Shekara ɗaya," ta sake cewa, "shekara ɗaya," kamar tana ɗanɗana wani abu mai ɗaci. Ta nemi hutun kwana biyu. Ta hau ta sauka a benen nan tana tambaya, tela ta ce ita nata huɗu sun ishe ta, sauran kowa da fitarsa. Ranar Juma'a da yamma ya ji ta fita baranda da waya, ta jawo ƙofa.

Gwaggo ta iso ranar Lahadi da hantsi, bayan ta kwana a hanya. Ba muguwar mace ba ce. Ta gaishe shi har ƙasa, ta yi masa jaje, ta ce duk hutu za ta kawo su. Ya ce Allah ya saka da alheri. Yana zaune a kujerarsa yana jin ana zuge jakunkuna, ana tambayar ina ɗayan safar, ana ninke ƙananan riguna da shi ya wanke ya shanya.

"Baba, a sa musu albarka," in ji Gwaggo.

Aka turo su gabansa. Ya ɗora hannu a kan ƙaramar, yatsansa ya taɓa filastar goshinta, ya janye da sauri.

"Kaka, kai ba za ka zo ba?"

"Motar ta cika, Hajiya. Sai ta gaba."

Babbar ba ta matso ba sai da uwar ta tura ta. Kanta a sunkuye yake, ya ji haka a tafin hannunsa. Tun ranar Laraba ba ta yi surutu ba.

"Da ban faɗa ba," ta ce a hankali, "da ba za mu tafi ba."

"Ke, ɗago. Da ba ki faɗa ba, da na kore ki daga aiki. Kin ji ko? Ba ki yi laifin komai ba. Ni ne babba, ni na yi." Ya so ya ƙara wani abin dariya, ya nema ya rasa.

Mota ta yi hon a ƙasa. Kowa ya fara motsi lokaci guda. Ya san in ya zauna zai ji saukarsu matakala ɗaya bayan ɗaya, ya ji an rufe but ɗin mota, ya ji motar har ta sha kwana, kunnen nan nasa ba zai raga masa ko ɗaya ba. Ya miƙe ya ce bari ya shiga ciki, kansa na ɗan sarawa.

Taku biyu ya yi ƙafarsa ta ci karo da akwatin da aka ajiye a inda ba a saba ajiye komai ba. Ya yi taga-taga. Hannu ya kama gwiwar hannunsa, bai san na wace ce ba.

"Ku bar ni," ya ce.

Ya miƙa hannu a gaban kowa, ya laluba har tafinsa ya sami bango. Ya bi shi a hankali zuwa ƙofar ɗakin ciki, ya ɗaga labule, ya fita daga cikinsu.