Ranar da Na Karanta Labarin Tsohuwar Tauraruwa

Ko na tsufa na rikice, ranar rufe ajinmu na koyon karatu na manya a Glenwood ba za ta fita daga raina ba. Na haura hamsin a lokacin, kuma a ranar ne zan fara karatu da ƙarfi a gaban jama'a. Cikinsu har da 'yata, wadda tun tana firamare take karanta mini komai.

Malamarmu ta ce kowa ya zaɓi abin da zai karanta. Ni, da rawar kai, na ɗauko labarin wata tauraruwa da ake kira fulsa. Babbar tauraruwa ce ta fashe, abin da ya rage ya dunƙule yana juyi. Sannan na gayyato dattawan masallacinmu, na manta cewa mutanenmu ba sa sauraro shiru.

Na miƙe a tsorace. Na karanta jimlar farko da Turanci, na fassara: "Tauraruwar ta mutu."

"Allah ya ji ƙanta!" in ji wani Alhaji mai furfura.

"Amin!" sauran suka amsa. Malama ta zaro ido.

Na ci gaba da cewa da ta tsufa juyinta ya ragu, ya kamata a ce ta huce. Amma wasu ƙananan ƙwayoyi suna komowa su bugi samanta, wurin ya yi zafi har ya fitar da hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙirji a asibiti.

Alhaji ya buga sanda. "Ta tsufa amma da zafinta? Wallahi ni ake nufi!"

"Kai da ke gyangyaɗi ana huɗuba?" in ji Hajiyarsa.

Ɗakin ya kece da dariya, ni ma har da hawaye. Tsoron ya bi dariyar ya tafi. Ban ankara ba sai ga yatsana a kan kalmar ƙarshe. Na gama, ba wanda ya ɗora mini ko harafi ɗaya!

'Yata ta rungume ni tana tsalle. "Baba, yau ni aka karanta wa."

Abin da na koya shi ne, mutanen da nake jin kunyar su ga tuntuɓena, su ne suka fi cancanta in zaunar a layin gaba.