Takalmin Nicanor

Tun kaina bai yi furfura ba nake jin ana cewa akwai wani mai kwalekwale a tsibirin Tierrabomba da ya taɓa tsayawa da ƙafafunsa a tsakiyar teku. Na ce bakin masunta ne, su da kullum kifin da ya kuɓuce musu ya fi jirginsu girma. Da aka ce mini kai ne mutumin, Nicanor Caraballo, dariya na yi. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, da hantsi, 'yarka Ofelia ta aiko mini cewa ka cika, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe ba. Daga ƙasa muke, ga ƙasa za mu koma.

Mun tsufa tare a kan ganuwar birninmu Cartagena, kowace yamma bayanmu jingine da tsohuwar igwar nan da tsatsa ta toshe wa baki. Lokacin da matata ta rasu, kai ne kake ƙetaro ruwa da soyayyen kifi da shinkafar kwakwa, ka tsare ni sai na cinye, kana cewa girkina ko ungulu ba za ta taɓa ba. A tsibiri kuwa, duk wanda ciwo ya kayar, ƙofarka ake bugawa.

Abu guda muke tsokanarka da shi. Masunci ba ya shiga kwalekwale da takalmi, kai kuma ba ka taɓa cire naka ba. In ka sauko a bakin ruwa sai a ce ga ango ya iso, ina amaryar? Kai dai sai ka ce mini, "Evaristo, ƙafarka ce ko tawa?"

Ga labarin yadda ya zo mini. Kowa a nan ya san Turawan Sifaniya, da suka gama kewaye birni da ganuwa, sun gina wata ganuwar a ƙarƙashin ruwa, daga gaɓar unguwar Bocagrande zuwa tsibiri, don ta farke cikin jiragen 'yan fashi. 'Yan fashin sun shuɗe, ita tana nan tana jira. Wata ranar Fabrairu, iska na kaɗawa kamar za ta cire rufi, naƙuda ta tsananta ga wata mata a tsibiri. Ungozoma ta ce ɗan ya zo a gicciye, sai asibitin birni. Masu jirgi suka dubi teku, kowa ya tuna yana da aiki a gida. Kai ka ɗauke su.

A tsakiyar hanya injin ya mutu. Ka jefa anga, igiya ta tsinke. Iska ta riƙa tura kwalekwalen zuwa inda ruwa ke tafasa fari, kan ganuwar. Ungozoma ta saki matar ta kama carbi. Wai sai ka ɗaura ragowar igiyar a ƙugu, ka faɗa ruwa, ka lalubi kan ganuwar da tafin ƙafa, ka sa kafaɗa ka tokare jirgin. Ruwa iya wuya. Igiyar ruwa ta rufe ka, ta janye, kana nan. Dutsen kuwa duk bawon kawa ne, dodon-koɗin teku, kaifi kamar aska. Mai naƙudar ta leƙo ta ga ruwan ya yi ja, ta ce ka saki, kada a yi gawa huɗu maimakon uku.

Ka ce, "'Yar'uwa, yi naki aikin, ni ina nawa."

Haka ka tsaya har wasu masunta suka hango ɗankwalin da ungozoma ke kaɗawa.

Sau da yawa na tambaye ka. Kullum amsarka ita ce mutum ɗaya ne ya taɓa tsayawa kan teku, wanda ake ba da labarinsa a coci, shi ma ba a tsibirinku aka haife shi ba.

Ranar da ka cika na ƙetara, na iso kafin a gama shirya ka. A ranar na fara ganin ƙafafunka. Tafin kamar tsohuwar koma da aka yi wa ɗinki bisa ɗinki, yatsu biyu babu. Na nemi wuri na zauna.

Allah ya jiƙanka, Nicanor, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka tudun da babu kaifi a kansa. Doña Eulalia, uwargida, Allah ya ba ki haƙurin rashin abokin zama. Ofelia da ƙannenki, da jama'ar tsibiri, Allah ya sanyaya zukatanku. Za mu haɗu a addu'ar kwana tara.

Wadda ta ba ni labarin na ƙarshe kuwa, a gindin gadonka ta ba ni, takalminka a hannunta, ta hana kowa saka maka sai ita. Mai naƙudar nan ce, Petrona Julio, mai alewar kwakwa a rumfunan Ƙofar Agogo a birni, wadda na yi shekaru ina tsayawa gaban farantinta. Kusa da ita 'yarta ce tsaye, mace har da jikoki. Sunanta Nicanora.