Makanikin da ya ɗaure ƙafafunsa

Da an idar da sallar asuba Malam Sahabi mai walda zai buɗe garejinsa da ke bakin hanyar Konni, ya share gindin itacen bedi, ya hau bugun ƙarfe. Illela ta san shi da gyaran babura, ta kuma san shi da taurin kai. Taurin kan nan nake jinjina wa yau, ko wa zai ji haushi.

Abdulaziz ɗan kabu-kabu ne har ranar da babbar mota ta take shi, ƙafafunsa biyu suka mutu. Dangi suka ce a shimfiɗa masa tabarma a bakin iyakar ƙasa, matafiya su riƙa jefa masa sadaka. Ya ce Allah ya kiyaye. Sahabi ya ji labari, ya tattaro injin tsohon babur da ƙarafan gado da tayoyin kura, ya ce zai haɗa masa motar dakon albasa daga Kalmalo. Aka yi ta dariya, har da masu furfura.

Mota ta tashi, sai birki ya tsaya masa a rai. Ya ƙera sandar ƙarfe a gefen sitiyari, in an jawo ta mota ta tsaya. Kowa ya ce ya yi. Shi kuwa ya lura ko yaushe ya gwada, ƙafarsa ce ke rigan hannu neman birki. Sai ya kwance rawaninsa, ya ɗaure ƙafafunsa tamau, ya nufi gangaren tafkin Kalmalo.

Maƙwabcinsa Faruk ya ce, "Sahabi, mi kaka yi haka? Hauka taz zaka?"

Ya ce, "Abdulaziz ba shi da ƙahwar da zai kwance. Ni ma yau ban da ita."

A gangaren shanu suka ratso hanya. Jikinsa ya zube gaba, jan sanda baya ya gagara, sai cikin laka. Ya fito da karyayyen haƙarƙari da kuma amsa: wanda ya firgita gaba yake faɗawa, saboda haka birkin turawa za a yi. Ya juya sandar, ya sake ɗaure ƙafa, ya koma gangaren. Mota ta tsaya cak.

Malam Sahabi, kai ne ka ƙi miƙa wa mutum abin da ba ka jaraba da ƙashinka ba, gwanin ƙarfe. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu sana'a, kafin ku ce wa wani nasa ta ƙare, ku leƙa garejin nan.

Yanzu duk safiya Abdulaziz na zuwa bakin iyaka da lodin albasa. Daidai inda aka so shimfiɗa masa tabarma yake tura birki ya tsaya, ya miƙa wa mabaratan wurin sadaka.